Abin da ke faruwa idan motar tsere ta alfarma ta kama doguwar hanya

A ƙarshen watan Agustan 2005 wasu motoci biyu ƙirar Ferrari 612 Scaglietti suka tashi daga birnin Shanghai na ƙasar Sin, ba su dawo ba sai bayan wata biyu. A tsakanin nan sun ci mil 15,000, wato kimanin kilomita 24,000. Sun ratsa birane da ƙauyuka da hamada, sun kuma bi hanyar Lhasa ta yankin Tibet, inda titi ke haura mita 5,000 sama da teku. Kamfanin da ke ƙera su ne ya shirya tafiyar, 'yan jarida kuma suka riƙa karɓa-karɓar tuƙi.

Da shekara ta zagayo kamfanin ya sake fito da wasu biyu, ƙirar 599 GTB Fiorano, suka tashi daga Belo Horizonte a Brazil suka dire a New York bayan kwana 84, sun keta ƙasashe 16 da kusan kilomita 32,000. A 2008 kuma aka zagaya Indiya.

Manufar ba ɓoyayya ba ce. Kamfanin na son ya kashe maganar da ta daɗe a bakin mutane, cewa irin waɗannan motoci na ado ne, a fito da su ranar hutu a zaga gari a mayar gareji. Motocin kuwa sun isa inda aka nufa. Sai dai hotunan da aka yaɗa ba su cika nuna abin da ke biye da su ba: ayarin motocin rakiya ɗauke da makanikai da tayoyi da kayan gyara. Su kansu motocin, a tafiyar Amurka da ta Indiya, sai da aka ɗan ɗaga su daga ƙasa, aka kuma lulluɓe cikinsu da farantin alminiyam mai kauri a madadin robar da suka saba zuwa da ita.

Waɗannan gyare-gyare biyu, duk da ƙanƙantarsu, sun tona inda matsalar take. Injin irin wannan mota ba ya tsoron nisa. Abin da ke ba ta wahala shi ne duk wani abu da ke tsakaninta da ƙasa.

Iri biyu ne, ba ɗaya ba

Mutane kan haɗa motocin gudu masu tsada a kwando ɗaya, alhali masu ƙera su sun raba su gida biyu tun da daɗewa.

Gida na farko shi ne wanda Italiyawa ke kira Gran Turismo, a taƙaice GT. Sunan na da alaƙa da wata al'ada ta 'ya'yan masu hali na Ingila a ƙarni na 17 da na 18, waɗanda kan shafe watanni suna yawon buɗe ido a Faransa da Italiya kafin su zauna su kama harkar gida. Motar GT an yi ta ne don mutum biyu da jakunkunansu su keta ƙasa guda a yini ɗaya, su sauka ba tare da ciwon baya ba. Yawanci injinta na gaba, tana da but na kirki a baya, tankinta babba ne. Ana yawan ambaton Lancia Aurelia B20 GT ta 1951 a matsayin wadda ta kafa wannan tsari. Ferrari 612 da ta zaga ƙasar Sin 'yar wannan gida ce: inji mai silinda 12 a gaba, kujeru huɗu, tanki mai cin fiye da lita 100.

Gida na biyu ya samo asali ne daga filin tsere. A nan ana ɗauke injin a dasa shi a bayan kujerar direba, a tsakiyar mota, domin nauyi ya daidaitu a lokacin shan kwana. Lamborghini Miura ta 1966 ce ta yi fice wajen kawo wannan tsari kan titi. Tana da kyau ƙwarai, amma tana da wani hali da direbobinta suka sani: tankin mai na gaba, saboda haka idan mai ya yi ƙasa sai hancin motar ya yi sakayau, ya fara neman tashi idan ana tsananin gudu. An magance irin wannan a motocin yau, amma tsarin bai canza ba. Inji ya cinye wurin kaya, ƙararsa da zafinsa suna ƙeyar direba, gilashin baya kuma ɗan tsagi ne kawai.

Bambancin na bayyana tun kafin a tayar da mota. Ma'ajiyar kaya ta Lamborghini Huracán, wadda ke ƙarƙashin murfin gaba, lita 100 ce. Ta Porsche 911 kimanin lita 130. But ɗin Toyota Corolla ya haura lita 400. Shi ya sa kamfanonin ke sayar da jakunkunan fata da aka ɗinka daidai da siffar ma'ajiyar, a kan kuɗin da ba ƙarami ba.

Tazarar ƙasa da maganar taya

Yawancin waɗannan motoci tazarar da ke tsakanin cikinsu da kwalta ba ta wuce santimita 10 zuwa 12 ba. Da gangan aka yi hakan. Idan mota ta kwanta ƙasa, iskar da ke bi ta ƙarƙashinta na ƙara sauri, sai ta riƙa janyo motar ƙasa, tayoyi su ƙara kama titi. A filin tsere wannan alheri ne. A hanyar da ke da tudun rage gudu, ko gangaren shiga gidan mai, ko wurin da ake aikin gyara aka karkatar da motoci ta cikin tsakuwa, abin kan zama azaba. Da yawa daga cikinsu na da maɓallin da ke ɗaga hancin mota da santimita 4 zuwa 5, amma yana aiki ne kawai idan ana tafiya a hankali, kuma hanci kaɗai yake ɗagawa. Ramin da ya bayyana kwatsam bayan kwana ba ya jiran a danna maɓalli.

Taya ta fi komai muhimmanci a wannan lissafi, kuma ita aka fi mantawa da ita. Tayar gaba ta Huracán lambarta 245/30 ce a kan wili mai inci 20. Ma'anar lambar ita ce faɗin tayar milimita 245 ne, tsayin gefenta kuma kashi 30 cikin 100 na wannan faɗi, wato bai kai santimita 7 da rabi ba. Tayar ƙaramar mota mai lamba 195/65 gefenta ya kusa santimita 13. Wannan gefe shi ne matashin da ke shanye dukan rami. Idan ya yi gajere, bakin ramin kan matse robar a jikin wili, taya ta tsage ta gefe, wani lokacin wilin ma ya fashe.

Daga nan ne wahalar ke farawa. Kusan duk motocin nan ba su zuwa da safaya. Babu wurin ajiye ta, kuma tayar gaba da ta baya ba girmansu ɗaya ba. Ta bayan Huracán faɗinta milimita 305 ne. Abin da ake samu a ma'ajiya shi ne kwalbar ruwan liƙi da ƙaramin famfo na lantarki, waɗanda ke maganin hujin ƙusa amma ba sa tsinana komai ga tsagewar gefe. Mai faci na bakin hanya, komai ƙwarewarsa, ba shi da irin tayar, kuma ba lallai ne kayan aikinsa su iya cire ta daga wili ba tare da sun yi masa rauni ba. Wasu motocin Porsche ma noti ɗaya tal ne a tsakiyar wili, wanda ke buƙatar sifana ta musamman mai dogon hannu. Saboda haka fashewar taya guda, wadda direban haya ke gamawa da ita cikin minti 20, na iya zaunar da mai motar alfarma kwanaki a otal yana jiran saƙo. Ko janwe ma ba kowane ne zai iya ɗaukarta ba. Sai mai shimfiɗaɗɗen baya da ke saukowa ƙasa sosai, in ba haka ba bambar gaba ta karye tun wajen lodi.

Tarihi ya nuna abin da taya ke iya jawowa idan gudu ya haɗu da titin jama'a. Daga 1927 zuwa 1957 Italiya na gudanar da gasar Mille Miglia, daga Brescia zuwa Rum a dawo Brescia, kimanin kilomita 1,600 a kan hanyoyin da kowa ke bi. A 1955 Stirling Moss na Birtaniya, tare da ɗan jarida Denis Jenkinson da ke karanta masa hanya, ya kammala ta cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48 a motar Mercedes-Benz 300 SLR, matsakaicin gudunsa kusan kilomita 158 a awa. Shekara biyu bayan haka tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo, motar ta afka cikin 'yan kallo. Shi da abokin tafiyarsa suka mutu, tare da mutum tara, biyar daga cikinsu yara. Daga wannan shekara ba a sake yin gasar a matsayin tseren gudu ba.

Mai: yawansa da ingancinsa

Ferrari 612 na shan kimanin lita 20 a kowane kilomita 100 idan aka haɗa tafiyar gari da ta babbar hanya. Da tankinta, za ta iya cin kilomita 500 kafin ta nemi gidan mai, fiye ma idan direba ya tausasa ƙafa. Wannan ba laifi. Abin da ke rusa lissafin shi ne gudu, kuma dalilin na cikin iska. Idan aka ninka gudun mota sau biyu, turjiyar iska na ninkuwa sau huɗu, ƙarfin da inji ke buƙata don keta ta kuma ya ninku sau takwas.

Bugatti Veyron, wadda ta fito a 2005 da inji mai silinda 16 da ƙarfin doki 1,001, ita ce misali mafi tsanani. Tana kai kilomita 407 a awa. A wannan gudun tana ƙarar da tankinta mai lita 100 cikin kimanin minti 12, wato bayan kusan kilomita 80 kacal. Mai irin wannan tuƙi zai fi daɗewa a gidan mai fiye da kan hanya.

Wannan ne ya sa masu neman kafa tarihin keta Amurka daga New York zuwa Los Angeles, wanda tsere ne da ya saba wa doka kuma ya jefa rayukan wasu cikin haɗari, ba su cika zaɓen Ferrari ko Lamborghini ba. Wanda ya yi tafiyar cikin awa 28 da minti 50 a 2013, Ed Bolian, Mercedes CL55 AMG ya yi amfani da ita, ya cika but ɗinta da ƙarin tankuna. A doguwar tafiya, ƙarancin tsayawa ya fi yawan gudu tasiri.

Ingancin man kuwa magana ce ta daban. Injinan waɗannan motoci na matse haɗin mai da iska sosai kafin fulogi ya kunna wuta. Man da bai da isasshen oktan ba ya jure wannan matsi. Wani ɓangarensa kan fashe da kansa ba a kan tsari ba, ya daki kan fistan kamar guduma. Porsche, alal misali, na ba da shawarar mai lamba 98 ga motocinta na gudu. Injinan zamani na da na'urar da ke jin wannan duka, sai kwamfutar mota ta jinkirta kunna wuta don kare injin, ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Na'urar na da iyaka. Idan aka haɗa mai maras ƙarfi da rana mai zafi da direba mai nauyin ƙafa, ɓarnar na iya wuce abin da za ta iya tarewa.

A nan maganar ta shafi masu irin waɗannan motoci a Abuja da Legas. Mizanin da ƙasashen ECOWAS suka amince da shi a 2020 ya sanya 91 a matsayin mafi ƙarancin lambar oktan ta fetur, kuma gidajen mai na kan hanya iri ɗaya suke sayarwa, ba su ba direba zaɓi kamar yadda ake yi a Turai. Ƙura ma na da nata rabon: lagireton irin waɗannan motoci na can ƙasa, a bayan manyan kafofin shan iska, inda ƙasa da ciyayi da ƙwari ke taruwa su toshe shi.

Tsauni kuma na rage ƙarfin inji ta wata hanyar. A tsayin mita 5,000 iska ba ta wuce kashi 60 cikin 100 na kaurinta a bakin teku ba, don haka injin da ba shi da turbo, irin na motocin da suka hau Tibet, kan rasa kusan kashi 40 cikin 100 na ƙarfinsa. Ga mota mai doki 540 wannan ba abin kuka ba ne. Abin da ya rage ya ninka na ƙaramar mota sau biyu ko fiye. Nan ne wuri ɗaya da yawan ƙarfin ya yi rana.

Shi kansa direban

Awa ta farko daɗi ce. Daga awa ta huɗu jiki ke fara ƙorafi. Shokozoba mai tauri na isar da kowane tsagi na kwalta zuwa ƙashin baya. Faffaɗan tayoyi na yin gunji a kan titi mai kaushi, kuma sukan bi sawun da manyan motoci suka tona, sai direba ya riƙa gyara sitiyari ba hutawa. Kujerun tsere marasa kwantawa baya, waɗanda ake biyan ƙarin kuɗi a saka, su ne na farko da mai doguwar tafiya ke da-na-sanin saya. Ga shi mutum na zaune ƙasa-ƙasa, idonsa daidai da tayar tirela, ba ya hango abin da ke gaban motar da ke gabansa, direban tirelar ma ba lallai ya gan shi a madubi ba.

Akwai kuma gajiyar da ba ta jiki ba. Duk inda motar ta tsaya jama'a na taruwa, wayoyi na ɗaukar hoto, wasu direbobin na matsowa kusa a kan hanya don su gani ko su gwada tsere. Neman wurin kwana ya koma neman wurin ajiye mota.

Doka ba ta san farashin mota ba, ko kuma a ce a wasu ƙasashen ta san shi fiye da kima. A Switzerland ana auna tarar babban laifin gudu ne da dukiyar mai laifi. A 2010 wata kotu a yankin St. Gallen ta ci wani mai Ferrari Testarossa tarar faran 299,000 saboda gudun kilomita 137 a awa a inda aka kayyade 80. Jamus ce ta yi suna da manyan hanyoyin da babu iyakar gudu a mafi yawan sassansu, amma ko a can hukuma na ba da shawarar 130, kuma cunkoso da aikin gyara ba su cika barin mutum ya daɗe yana taka totur ba. A Najeriya iyakar ƙananan motoci a babbar hanya 100 ce, gudun da wasu daga cikin motocin nan ke wucewa tun suna giya ta biyu.

Tafiyar ayari na ƙara haɗarin, domin kowa na jin kunyar a bar shi a baya. Gangamin Gumball 3000, wanda aka fara a 1999, na tara masu irin waɗannan motoci su yi mil 3,000 a kan titunan jama'a. Masu shirya shi na cewa ba tsere ba ne. A watan Mayun 2007 wata Porsche da ke cikin ayarin ta yi karo da wata ƙaramar Volkswagen Golf a Masedoniya, wasu dattawa biyu, miji da mata, suka rasa rayukansu, aka soke ragowar tafiyar ta wannan shekara.

Lissafin da ke hana su fita

Abin mamaki, makanikai sun fi son motar da ake tuƙawa. Wadda ta daɗe a ajiye batirinta kan mutu, robobin da ke tare mai su bushe su fara yoyo, tayoyi su lotsa ta gefen da suka zauna, fetur ya tsufa a tanki. Gajerun zirga-zirga cikin gari ma ba su ba bakin mai damar yin zafin da zai kori danshi. Tafiyar awa shida a kan gudu matsakaici na daga cikin abubuwan da suka fi yi wa injin daɗi.

To me ya sa yawancinsu ke tsufa ba su yi nisan da motar haya ke yi a shekara guda ba? Amsar na kan mitar da ke ƙirga kilomita. A kasuwar waɗannan motoci, wadda ta yi tafiya kaɗan ta fi daraja nesa ba kusa ba, musamman idan ƙirar ba ta da yawa. Kowane kilomita ragi ne a farashin ranar sayarwa, haka kowane tabon tsakuwa a fenti, shi ya sa ake liƙa wa gabansu wata leda mai haske kafin tafiya. Inshorar wasu ma na kayyade nisan da za a yi a shekara, da ƙasashen da za a shiga. Mutum ya sayi motar da aka ƙera don tafiya, sannan ya riƙa tsoron tafiyar saboda mai saye na gaba. Wannan shi ne halin da da yawa daga cikin masu su ke ciki, kuma ba ƙaramin abin takaici ba ne ga injiniyoyin da suka yi aikin.

Darasin da aka ɗauko daga Sahara

Tambayar ko motar gudu za ta iya jure mummunar hanya an amsa ta tun shekaru 40 da suka wuce, kuma a ƙasar da masu karatu da dama suka sani. Gasar Faris zuwa Dakar a shekarun 1980 ta sha ratsa Agadas da hamadar Tenere a Jamhuriyar Nijar. A 1984 Bafaranshe René Metge ya lashe ta da Porsche 911 da aka mayar mai jan ƙafa huɗu. A 1985 kamfanin ya kawo sabuwar ƙira, 959, guda uku, babu wadda ta kai Dakar. A 1986 suka dawo suka ɗauki na ɗaya da na biyu, Metge a gaba, Jacky Ickx na biye.

Gyaran da aka yi wa 959 kafin ta yi nasara shi ne jerin matsalolin da aka ambata a sama, ɗaya bayan ɗaya. An ɗaga ta kusan santimita 30 daga ƙasa. An ba ta tayoyi masu dogon gefe da safaya. An ƙara mata tankuna. An kuma rage ƙarfin injinta zuwa kusan doki 400, ƙasa da 450 na wadda ake sayarwa, domin ya iya shan man da ake samu a hanya.

Sai a ƙarshen 2022 wannan darasi ya iso shagunan sayar da motoci. Porsche ta fito da 911 Dakar, wadda ta fi 'yar uwarta ta titi tsayi da santimita 5, da damar ƙara wasu 3 ta hanyar maɓalli, Lamborghini kuma ta fito da Huracán Sterrato da aka ɗaga da milimita 44. Dukansu sun sadaukar da gudu saboda tayoyin da aka sa musu: an tsayar da Dakar a kilomita 240 a awa, Sterrato a 260, alhali 'yan uwansu na haura 300. 'Yan jaridar da suka gwada su sun yi ta yaba sauƙin da suke da shi a kan titin yau da kullum mai ramuka. Porsche ta ƙera 2,500 kacal, Lamborghini 1,499, kuma ƙarancin nasu ya sa su ma mitar kilomitarsu ta zama abin da masu saye ke fara dubawa.